Nana Asma'u: malamar da ta naɗa wa matan ƙauye malfa

Idan kaka ta wuce, aka gama zuba hatsi a rumbu, hanyoyi suka bushe, a shekarun 1840 akan ga wani irin ayari ya doshi birnin Sakkwato. Babu raƙuma a cikinsa, babu masu kwari da baka. Tsofaffin mata ne da ƴan mata waɗanda ba su kai aure ba, suna tafe a ƙasa, wata da ƙullin gero a ka, wata da goran zuma, wata da ɗan ƙyallen saƙi. A gabansu akwai dattijuwa guda sanye da malfa irin ta maza, an naɗe malfar da jan rawani. Ita ake kira jaji. Inda suka nufa kuwa shi ne gidan Waziri Giɗaɗo, wurin matarsa Nana Asma'u ƴar Shehu Usman Ɗan Fodiyo.

Karatu ne ya kawo su. Za su zauna gaban malamar su hardace waƙoƙin da ta tsara, a warware musu ma'anar kowane baiti, su kawo mata tambayoyin matan garinsu ta ba su amsa, sannan su kama hanyar gida. Can kuma sai su bi gida-gida, wurin matan auren da hidimar miji da ƴaƴa ta hana fita, su sauke musu abin da suka ɗauko. Wannan tsari shi ake kira Ƴan Taru. Ba shi da gini, ba shi da albashi, amma ya wuce zamanin wadda ta kafa shi, ya kuma wuce zamanin daular da aka kafa shi a cikinta.

Sunan Nana Asma'u ba baƙo ba ne a Nijar. Mahaifinta a wannan ƙasa aka haife shi, a Maratta kusa da Galmi cikin jahar Tawa ta yanzu, a shekarar 1754, kuma ya je har Agadas neman ilimi wurin Malam Jibril ɗan Umar. Ta ɗaya gefen kuma, Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi jikokin mutanen da suka yi shekara da shekaru suna yaƙi da gidan su Asma'u ne. Don haka duk mai ba da tarihinta a wannan yanki, sai ya ba da shi da daɗinsa da ɗacinsa.

Ƴar Degel

An haife ta a shekarar 1793 a Degel, wani ƙauyen malamai a ƙasar Gobir ta wancan zamani, tsakanin inda Sakkwato take a yau da Birnin Ƙonni. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da sunan tagwaye za a raɗa mata ita ma, amma Shehu ya zaɓa mata sunan Asma'u ƴar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah (SAW) da mahaifinta abinci lokacin da suke ɓoye a kogo a hanyar hijira. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun Asma'u na ƙarama, sai sauran matan Shehu suka riƙe ta, cikinsu har da mahaifiyar Muhammadu Bello. Bello ya girme ta da shekara 12, kuma shaƙuwar da ta shiga tsakaninsu tun a Degel ba ta yanke ba har mutuwa ta raba su.

A gidan da ta tashi, mace da allo ba abin mamaki ba ne. Mahaifiyar Shehu da kakarsa duka masu ilimi ne, matansa ma haka. Shi kansa bai ɓoye ra'ayinsa ba. A littafinsa Nurul Albab ya yi kakkausar suka ga malaman da ke cika zaure da almajirai alhali matansu da ƴaƴansu mata da ke cikin gida ba su san ko hukuncin tsarki da salla ba. Tun kafin a haifi Asma'u ma, wani malami mai suna Mustafa Goni ya taɓa sukar yadda mata ke halartar wa'azin Shehu, sai Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya mayar masa da amsa cewa barin su cikin jahilci ya fi zuwansu wurin karatu muni. A cikin wannan iska Asma'u ta yi karatun Alƙur'ani, ta shiga fiƙihu da tauhidi da Larabci da tasawwufin ɗariƙar Ƙadiriyya.

Tana da shekara 11 zaman Degel ya ƙare. Dangantaka ta ɓaci tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, a watan Fabrairun 1804 suka yi hijira zuwa Gudu. Wani Ba'abzine mai suna Agali ya taimaka da raƙuman da aka ɗora wa littattafan Shehu. Kafin shekarar ta raba yaƙi ya ɓarke. Matankari da Ƙonni suna cikin garuruwan farko da ya taɓa, sannan aka gwabza a Tabkin Kwatto a watan Yuni, inda jama'ar Shehu suka yi rinjaye.

Littattafan tarihi sun fi tsayawa kan nasarori, amma abin da yarinya kamar Asma'u ta gani da idonta ya fi kama da halin ƴan gudun hijirar da ake gani a yau: tafiya ba tabbataccen masauki, ga yunwa, ga cuta, ga fargabar hari. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, an kashe mutanen Shehu kusan 2000, cikinsu da mahardata Alƙur'ani kimanin 200, kuma kowane ɗayansu ya bar uwa ko mata ko marayu a sansani. Sai a 1808 Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi, aka kashe Yunfa. A cikin waɗannan shekaru na yaƙi ne aka ɗaura mata aure da Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Bello, wanda daga baya ya zama wazirinsa. Sun haifi ƴaƴa maza, kuma ɗayansu, Abdulƙadir, shi ya gaji wazirci bayan mahaifinsa.

Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilun 1817. Rubuce-rubucensa sun sha yawo a bayan raƙuma daga wannan sansani zuwa wancan, don haka tattara su da tsara su da kwafe su ba ƙaramin aiki ba ne, kuma Asma'u na cikin waɗanda suka ɗauki wannan nauyi. Wajen 1820 ta fara nata rubutun. Tana rubutu da harshe uku, kowanne da masu shi: Larabci don malamai, Fulatanci don danginta da Fulanin daji, Hausa don yawancin jama'a. Tana kuma jin harshen Abzinawa. Abin da ya iso zamanin nan daga alƙalaminta ya kai kimanin rubutu 60, akasarinsu waƙoƙi. Malamai maza sun san matsayinta, har wani malamin Shinƙiɗ ta ƙasar Muritaniya da ya ratso ta Sakkwato sun yi musayar baitoci da ita da Larabci. Da ta so, da ta tsaya nan, ta ƙare rayuwarta tsakanin littattafai da manyan baƙi, kuma da ba wanda zai ga laifinta.

Matan da yaƙi ya bari

Zuwa shekarun 1830, Sakkwato da Wurno da sauran garuruwan ribaɗi sun cika da matan da ba a can aka haife su ba. Da yawa an kamo su ne a yaƙi, aka raba su da iyaye da mazaje, aka shigar da su gidaje a matsayin bayi da ƙwaraƙwarai. Ga zawarawan da mazansu suka faɗi a fagen daga. Ga kuma matan ƙauyuka waɗanda sunan Musulunci ya iso gare su amma karatunsa bai iso ba. Waɗannan mata su ne ke goyon yaran da za su zama mutanen daular gobe. Idan ɗa ya kwanta ciwo, ko ciki ya zube, ko baƙin ciki ya hana barci, abin da suka sani tun a gidan iyaye shi ne bori. A Gobir, Inna ce uwar bori kuma shugabar mata, mace mai faɗa a ji a fada. A Maraɗi Iya ce ke riƙe da irin wannan matsayi.

Yaƙin kuma bai ƙare ba. A 1836 Sarkin Musulmi Bello ya haɗu da rundunar haɗin gwiwa ta Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa a Gawakuke. Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda duka a nan suka rasa rayukansu, kuma bayan wannan rana ce ragowar Gobirawa ƙarƙashin Mayaƙi suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Asma'u ta yi waƙar godiya kan wannan nasara. Ba ƴar ba-ruwanmu ba ce a rikicin: ƴar gidan ce, ta yi imani da jihadin mahaifinta, ta soki bori da kakkausan harshe, ta kuma rayu cikin al'umma mai bayi ba tare da ta nemi rushe wannan tsari ba. Mutumin Tsibiri da ya tuna da wannan bai yi laifi ba.

Abin da ya fitar da ita daga cikin sauran manyan gidan shi ne inda ta mai da hankalinta bayan an ci yaƙi. Matan da aka ci da yaƙin, da na ƙauye, da waɗanda ba su da kowa, su ta ɗauka a matsayin ɗalibai. Kuma ba ta ce su zo fada su durƙusa ba. Hanyar kai musu karatun har ɗaka ta nema.

Dabarar da ta yi mai sauƙi ce, amma sai wanda ya san zaman ƙasar Hausa zai gane zurfinta. Matar aure mai goyo ba za ta iya tafiyar kwanaki ba, kuma ko ta iya, miji da surukai da bakin mutane ba za su bar ta ba. To amma akwai mata iri biyu da ba wanda zai tsare: tsohuwar da ta gama haihuwa, da yarinyar da ba ta kai aure ba. Tsohuwa tana shiga kowane gida ba a tambaye ta, maganarta kuma tana da nauyi. Yarinya kuwa ƙwaƙwalwarta ɗanya ce, abin da ta hardace da shi za ta shiga ɗakin miji, da shi za ta yi renon ƴaƴanta. Daga cikin dattawan matan kowane gari Asma'u kan zaɓi wadda aka yarda da amanarta da hankalinta, ta naɗa ta jaji, wato mai jan gaban ayari kamar yadda fatake ke kira.

Naɗin kansa akwai magana a ciki. Asma'u kan ɗora wa jaji malfa, ta naɗe ta da jan rawani, kamar yadda ake naɗa mai sarauta. Malfa kuwa a kan mace, a ƙasar Gobir, alamar Inna ce. Duk macen da ta tashi a Gobir ta san cewa mai wannan hula ba a taka maganarta. Maimakon ta yi watsi da alamar don ta fito daga gidan abokan gaba, sai Asma'u ta ɗauke ta ta ɗora wa malamar ƙauye. Matan da aka raba da garinsu suka ga abin da idonsu ya saba da shi, sai dai yanzu saƙon da ke ƙarƙashin hular ya sake. Wasu za su kira wannan siyasa, kuma akwai siyasa a ciki. Amma akwai girmamawa ma, domin ba kowane mai nasara ke yarda cewa wanda ya kayar yana da abin aro ba.

Sai kuma batun littafi. Takarda a wancan zamani daga ƙetaren Sahara ake kawo ta, tana da tsada, kuma yawancin matan ba su iya karatun ajami ba. Amma kowace mace tana waƙa: a bakin turmi, a kan dutsen niƙa, wurin kaɗin zare, wurin lallashin yaro. Asma'u ta zuba darasin a cikin waƙa, ta yadda mace za ta iya bitar karatunta hannunta na kan taɓarya. Akwai gajeriyar waƙa da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani duka 114, wadda ta fara tsarawa da Fulatanci, daga baya aka same ta da Hausa da Larabci. Akwai waƙoƙin tarihin Manzon Allah (SAW), da na hukuncin salla da azumi, da na tsoron Lahira, da ta roƙon ruwa idan damina ta yi gardama. A Waƙar Gewaye ta ba da labarin hijirar Shehu da yaƙe-yaƙensa zango-zango. Ƙanenta Isa, autan Shehu wanda aka haifa bayan rasuwar mahaifinsu, ya taya ta mayar da wasu waƙoƙin Fulatancin zuwa Hausa.

Lokacin da Bello ya rubuta littafi kan salihan mata na tarihin Musulunci ya nemi ta mayar da shi waƙa, ta yi, amma ta ƙara wani abu daga wurinta. Bayan matan Manzon Allah (SAW) da ƴaƴansa da irin su Rabi'atul Adawiyya, sai ta sako matan da ta sani da idonta, malaman Degel da Sakkwato kamar Joda Kawuri da Habiba. Ɗalibar ƙauye ta ji sunan mace irinta, mai daka da ɗiban ruwa, a jere ɗaya da waliyyan Basra da Misra.

Ta kuma gane cewa ba a raba mutum da abin da yake dogara da shi a bar shi hannu rabbana. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan da Larabci, inda ta tattara surori da addu'o'in neman waraka da kariya. Duk wanda ya duba matsalolin da aka ambata a ciki zai ga na cikin gida ne: naƙuda mai wuya, tsare ciki, ciwon yara, ciwon kai, talauci, tsoron azzalumi, hatsarin hanya. Su ne dai damuwoyin da ke kai mace gidan bori. Ba masu mulki ta ƙyale ba kuma. Waƙar Shehu ta Fulatanci da ta mayar Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa, gargaɗi ce mai zafi ga sarakuna masu zalunci da alƙalai masu cin hanci da masu tauye mudu a kasuwa, kuma ta fitar da ita ne a lokacin da ƴan gidansu ke kan mulki.

Hatsin da zumar da ƙyallen da Ƴan Taru ke kawowa ba kuɗin makaranta ba ne. Sadaka ce, kuma ba ta kwana a rumbun Asma'u. Takan bi hannun makafi da guragu da marasa lafiya da zawarawa na birni. Ta haka matar ƙauye da ba ta mallaki komai ba sai ɗan abin da ta tsimi, ita ma ta shiga sahun masu bayarwa. Mutanen Sakkwato suka riƙa kiran malamar da Uwar Gari.

Wa ya cancanci marsiyya?

Wurin da halin Asma'u ya fi fitowa fili shi ne waƙoƙin makoki da ta yi wa mamata. Tsawon rai ya sa ta binne kusan duk waɗanda ta tashi da su. Bello ya rasu a Wurno a 1837, kuma a waƙar da ta yi kan halayensa ta fi tsayawa kan adalcinsa da tsantseninsa da sauƙin kansa ga talaka, duk da cewa mutum ne da ya jagoranci yaƙe-yaƙe masu yawa. Da mijinta Giɗaɗo ya rasu, abin da ta tuna da shi shi ne kula da masallatai da ƙofofin gari da karɓar baƙi. Wannan na ƙarshe ma wani baƙo daga nesa ya shaide shi, domin Giɗaɗo ne ya karɓi Baturen Ingila Hugh Clapperton a zuwansa Sakkwato a 1824 da kuma dawowarsa a 1826. Rasuwar aminiyarta A'isha, matar Bello, ta girgiza ta ƙwarai, kuma ba ta ɓoye hawayenta a baitocin da ta yi mata ba.

Yi wa sarki da waziri marsiyya ba sabon abu ba ne, kowane zamani yana da masu yi. Sabon abu shi ne Asma'u ta ɗauki alƙalamin nan da tawadar nan da takardar nan mai tsada ta rubuta wa matan da ba su da sarauta, ba su da dukiya, ba su bar littafi ba.

Akwai Halima, maƙwabciyarta. Abin da aka rubuta a kanta shi ne mace ce mai hankali da haƙuri, mai girmama babba da yaro, mai ɗinke zumunci idan ya ɓarke. Akwai Zaharatu, wadda ke koyar da masu farawa, wadda in mace na naƙuda ita ake kira, in mace ta rasu ita ake kira wanka, kuma ba ta taɓa noƙewa. Akwai Hauwa'u, ɗaya daga cikin matan da aka naɗa jaji, wadda Asma'u ta shaide ta da cewa ba lokacin shekara da ba ya samun ta a kan hanya tana kawo mata karatu, zafin bazara ne ko ruwan damina ko sanyin hunturu. A cikin makokin Hauwa'u ma malamar ba ta manta da sauran matan ayarin ba, tsofaffi da yara, ta sa su duka cikin addu'a.

Kowace unguwa a Maraɗi da Damagaram da Tawa tana da Zaharatunta har gobe: tsohuwar da ake buga wa ƙofa da tsakar dare, ta ɗauki fitila ta fito ba ta tambayi ko nawa za a ba ta ba. Irin waɗannan mata akan yi musu addu'a ranar da suka rasu, a yi kwana bakwai ana ambaton alherinsu, daga nan sai sunan ya bi iska. Na Halima da Zaharatu da Hauwa'u bai bi ba. Fiye da shekara 160 bayan rasuwarsu ana karanta sunayensu a jami'o'i, don kawai wata malama ta ga cewa karɓar haihuwa da wankan gawa da sulhunta ƴan'uwa ayyuka ne da suka kai a rubuta. Kuma da yake waƙoƙin nan su ma ana koyar da su ga Ƴan Taru, kowace ɗaliba ta san irin aikin da ke sa a tuna da mutum a gidan Shehu.

Bayan ta

Nana Asma'u ta rasu a 1864 tana da shekara 71 ko kusa da haka, bayan ta ga zamanin mahaifinta da na sarakunan Musulmi huɗu a bayansa. An binne ta a Hubbare, kusa da kabarin Shehu. Ƙanwarta Maryam ta karɓi jagorancin Ƴan Taru, bayanta kuma Ta Modi ta ɗora.

A watan Maris na 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Su da Turawan Faransa suka shata iyakar da ta bar Ƙonni da Tsibiri da Maraɗi a gefe ɗaya, Degel da Wurno da Sakkwato a ɗaya gefen. Sarautu suka sake kama, kotuna suka sake, boko ya shigo, aka riƙa lissafa macen da ta hardace ɗaruruwan baitoci cikin jahilai don ba ta iya harafin Bature ba. Ƴan Taru ba su da ofishin da za a rufe ko baitulmalin da za a ƙwace, don haka sabbin masu mulki ba su ma lura da su sosai ba. Ayarin ya ci gaba da tafiya.

Rubuce-rubucenta kuwa zuriyarta ce ta adana su a unguwar Giɗaɗawa. Wazirin Sakkwato Junaidu, daga zuriyar Giɗaɗo da Asma'u, wanda ya rasu a 1997, shi ya buɗe wa wata malama ƴar Ingila mai suna Jean Boyd taskar gidan. Boyd ta yi shekaru masu yawa tana koyarwa a Sakkwato, ta fitar da tarihin Asma'u a 1989, sannan a 1997 ita da Beverly Mack ta Amurka suka wallafa tarin ayyukanta da fassararsu. Daga nan sunanta ya ƙara nisa. Makarantun mata da dama a ƙasar Hausa suna ɗauke da shi, kuma a birnin Pittsburgh na Amurka wasu Musulmi mata baƙar fata sun kafa ƙungiyar karatu da taimakon mabuƙata suka raɗa mata suna Ƴan Taru.

Lokacin da Boyd ke bincikenta ta shiga ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato, sai ta tarar da matan da ake kira jaji suna nan da malfarsu. Suna koyar da waƙoƙin, suna sasanta rigimar mata, suna wankan gawa, suna tara sadaka, kuma idan lokaci ya yi su ja ayarin tsofaffi da ƴan mata zuwa Hubbare, inda wadda ta fara naɗa hular take kwance.